Jarrabawar raba ɗaliban Ingilishi na matsakaicin mataki: yaya zan tsara ta?

Malamar Kwas, Tawa

Assalamu alaikum malamai. Shawararku nake nema a kan tsara jarrabawa.

Muna da kwas ɗin Ingilishi na yamma a nan Tawa, kuma wannan zangon mutum 70 suka rubuta suna. Tun da kundin sake gina ƙasa na Nijar na 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, masu zuwa tambaya sun ƙaru a wurinmu. Yawancinsu masu BAC ne da ke son wucewa jami'a a Najeriya ko Gana, sai ma'aikatan asibiti kaɗan, da ƴan kasuwa masu bin hanyar Konni zuwa Illela da Sakkwato. Ba sabbin shiga ba ne, amma kuma ba ɗaya suke ba. So muke mu raba su aji biyu, na ƙasa B1, na sama B2, wato matakai biyu na tsakiya a ma'aunin iya harshe.

Abin da ake aiki da shi yanzu takarda ce mai tambayoyin zaɓi 40, duk na nahawu, an tsinto su daga tsofaffin jarrabawoyi, a ba da maki bisa 20. Sai mai 15 ko 16 ya shiga ajin sama, a kunna masa hira ta minti biyu, ya kasa faɗin ko a kan me ake magana. Ɗan kasuwar da ya sami 8 kuwa yana jin komai.

Kayan da muke da su: kwamfuta ɗaya, ƙaramar lasifika mai caji, ɗaki mai rufin kwano da fanka biyu. Lokaci minti 90. Fotokofi kada ya wuce takarda biyu gaba da baya ga kowane ɗalibi.

Tambaya nawa ya kamata kowane sashe ya ɗauka? Ina zan samo sautin da ya dace, kuma sau nawa za a kunna shi? A wane maki zan ja layi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mushe, Yamai

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Takardarki ba ta yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ta shi ta faɗa, wato wane ne ya haddace dokokin nahawu. Yaranmu shekara bakwai suke yi daga CEG zuwa ƙarshen lise suna koyon Ingilishi da ido da bik, ɗan kasuwa kuwa da kunne ya koya. Duk ranar da kika haɗa su a maki ɗaya bisa 20, kin rufe abin da kike nema ki gani. Don haka kowane sashe ya tsaya da makinsa, kada a tara.

Matakan nan shida, daga A1 zuwa C2, na tsarin CECR ne da aka fitar a Turai a 2001, kuma abin da mutum ke iya yi da harshe suke dubawa. Mai B1 yana kama gundarin magana idan an yi ta a fili a kan abin da ya saba, kamar aiki, makaranta ko tafiya. Mai B2 yana bin doguwar magana, lacca ko muhawara, ya gane wa ya yarda, wa ya ƙi, kuma saboda me. Wannan bambancin shi za ki auna.

Ga yadda zan raba minti 90. Sauraro a farko, tun kunne bai gaji ba, minti 25, tambaya 20. Nahawu minti 25, tambaya 30. Kalmomi minti 20, tambaya 30. Rubutu minti 15, kalma 100 ko kusa da haka. Minti 5 da suka rage na raba takardu ne da karɓa. Idan kina son abin kwatance, jarrabawar Cambridge ta B1 Preliminary tana da tambayoyin sauraro 25 cikin kusan rabin awa, B2 First kuma 30 cikin kusan minti 40.

A nahawu, rabi su zama na B1, rabi na B2, in ba haka ba takardar ba za ta raba kowa ba. A B1 ki taɓa bambancin present perfect da past simple, for da since, jimlar sharaɗi ta farko da ta biyu, passive mai sauƙi, da sunayen da ba a yi musu jam'i. A B2 ki kawo sharaɗi na uku, wish, should have da must have, have something done, da ba da rahoton maganar wani da aikatau irin su deny, suggest, warn.

Inda gizo ke saƙar shi ne amsoshin tarko. Kada ki ƙirƙiro su daga kanki, ki ɗebo su daga kayen ɗalibanki, domin kurakuran mai Faransanci sanannu ne. A Faransanci depuis da lokacin yanzu yake tafiya, shi ya sa suke rubuta "I am here since Monday". To ki ba su "She ____ in Tahoua since 2019" da zaɓi huɗu: lives, is living, has lived, lived. Duk wanda ke fassarawa a kansa zai faɗa kan biyun farko. Haka passé composé ke jan su zuwa "I have seen him yesterday". Ga kuma "informations", "advices", "I am agree", "it depends of". Tarkon da ba wanda ya taɓa faɗawa ciki ɓata takarda ne kawai. Kada ma ki ɓata layi a kan his da her. Bahaushe ya riga ya saba da gidansa da gidanta, kuma abin na matakin farko ne.

Abubuwa uku ke lalata tambayar zaɓi. Na ɗaya, amsa biyu su zama daidai. "I ____ my keys" da lost da have lost duk suna shiga, ɗan Amurka zai ce wannan, ɗan Ingila ya ce wancan, sai kin ƙara "last night" kafin ɗaya ta fita. Na biyu, jimlar ta tona amsa da kanta, misali "an" ya zo gaban gurbi alhali zaɓi ɗaya ne kawai ya fara da wasali, ko kuma amsar gaskiya ta fi sauran tsawo kullum. Na uku, mai tsarawa ya riƙa ajiye amsa a C bai sani ba. Ki ƙirga, A da B da C da D su samu kusan daidai.

Sai batun canke. Mai zaɓi huɗu, ko ido rufe mutum ya cika, zai ci kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa na fi son 20 kawai su zama na zaɓi, 10 su zama na sake jimla. Ki ba da jimla, ki ba da kalma ɗaya da dole a yi aiki da ita, ɗalibi ya cike gurbi da kalma biyu zuwa biyar. Misali: "I started working here three years ago." Kalmar ita ce BEEN. "I ____ here for three years." Amsa: have been working. A nan ba canke, ko ya iya ko bai iya ba. Kafin ki fara gyara ki rubuta duk amsoshin da za ki karɓa, don kada ki karɓi abu a takarda ta 5 ki ƙi shi a ta 50.

Uwar Aji, Yamai

Ƙanwata, na yarda da rabon Malam, amma ki yi hattara da sashen kalmomi, domin nan ne mai Faransanci ke cin banza. Kalmomin boko na Ingilishi da yawa daga Faransanci da Latin suka samo asali. Ki ba mai BAC government, necessary, analyse, consequence, zai cinye su ko bai taɓa buɗe baki da Ingilishi ba. Ki ba shi borrow, lend, afford, shallow, ceiling, sai ki ga bik ya tsaya. Akwai jerin kalmomin ilimi na Averil Coxhead na shekarar 2000, mai iyalan kalmomi 570, wanda a wasu ƙasashe ake ɗaukar saninsa alamar nisa a karatu. A wurinmu ba ya nuna haka, domin yawancin abin da ke ciki yaron lise ya riga ya gamu da ɗan'uwansa a Faransanci. Kalmomin gida da na kasuwa, gajeru, su ne ke nuna wanda ya zauna da harshen.

Ga yadda zan kasa 30 ɗin. Goma sha biyu su zama kalmomin yau da kullum da ba su da kama a Faransanci. Ki tsinto su daga jerin Oxford 3000, yana intanet kyauta, kuma an rubuta matakin kowace kalma daga A1 zuwa B2, sai ki ɗauki shida daga B1, shida daga B2. Takwas su zama aikatau masu wutsiya, irin give up, look after, put off, run out of, turn down. Biyar su zama kalmomin da ke tafiya tare, musamman make da do, tunda faire ɗaya ce ke ɗauke da su duka: make a mistake, do homework, take a photo. Biyar na ƙarshe faux amis, wato kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu ta bambanta: actually, library, attend, sensible, da wannan da ke kayar da kowa, "She took the exam but she didn't ____ it", inda amsar take pass, shi kuwa ɗalibi a kansa passer un examen zama jarrabawa ne kawai.

Ga goma sha biyun farko ki ari tsarin Paul Nation, yana rage cin takarda: kalmomi shida a hagu, ma'anoni uku a dama, ɗalibi ya rubuta lambar kalma gaban ma'anarta. Rukuni huɗu sun ba ki 12, kuma canke ya yi wuya tunda kalma uku ba su da abokan haɗi. Sharaɗi biyu ne. Kalmomi shidan su zama jinsi ɗaya, duk sunaye ko duk aikatau, in ba haka ba siffar kalma ita za ta nuna amsa. Kuma bayanin ma'anar ya fi kalmar da ake tambaya sauƙi. An sha ganin takardar da aka bayyana kalmar B1 da kalmar C1, ɗalibi ya san abin da ake tambaya amma bai gane tambayar ba.

Idan takarda ta yi miki kaɗan, akwai wata dabara da ake kira C-test, wadda ke auna nahawu da kalmomi a lokaci guda. Ki samu rubutu mai kalma 80 zuwa 100, ki bar jimlar farko da ta ƙarshe yadda suke, a tsakani ki yanke rabin ƙarshe na kowace kalma ta biyu. "The bus leaves the station at six" sai ta koma "The b__ leaves t__ station a_ six". Gurbi 20 ko 25 sun isa, rubu'in shafi kawai take ci, gyaranta kuma ba gardama. Sai dai dole a yi musu misali a allo tukuna, domin wanda bai taɓa ganinta ba yakan ɓata minti biyar yana kallonta.

Mai Lasifika, Tawa

Malama, ni a kan sauraro zan tsaya, domin a ɗaki irin naki yawanci ba kunnen ɗalibi ake aunawa ba, kujerarsa ake aunawa.

A fili, duk sanda tazara ta ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6. Daga mita ɗaya zuwa mita takwas an rasa 18 ke nan. A cikin ɗaki raguwar ba ta kai haka ba, saboda bango na maido da sauti, amma wannan maidowar ita ce cutar: bangon siminti da kwano suna sa sauti ya hau kan ɗan'uwansa. Abin da ke fara ɓacewa shi ne siraran baƙaƙe, s da t da f da th, kuma a kansu nahawun Ingilishi ya rataya. Bambancin walk da walked, book da books, can da can't, duk a ɗan ƙarshen nan yake. Na layin baya yana jin murya sarai, amma bai ji ko an ce an iya ko ba a iya ba. Ki ƙara da ƙugin fanka biyu, kin gama da shi.

Don haka kada ki kunna wa mutum 70 a zama ɗaya. Ki raba su biyu, 35 kowane rukuni, a matso da kujeru kada na ƙarshe ya wuce mita biyar ko shida daga lasifika. Lasifikar ta hau sama daidai kan mutum a zaune, a tsakiyar gaba, a janye ta daga bango kamar rabin mita, kada a sa ta a lungu domin lungu yana kumbura gangar sauti, wato kaurinsa. In tana da maɓallin rage ganga, ki rage. Kada ki ƙure ƙara, ƙananan lasifikun nan suna fara karkarwa idan sun kai ƙarshe. A kashe fanka na minti 25 ɗin, zafi ya fi rashin ji sauƙi. Ki duba agogo kada kiran sallar magariba ya faɗo tsakiyar sashe na uku, ki rufe tagar da ke kallon titi saboda kabu-kabu, kuma in damina ce hadari ya haɗo, a ɗaga sauraron, ruwa a kan kwano ba ya barin komai. Kwana ɗaya kafin ranar ki zaunar da wani wanda bai taɓa jin sautin ba a kujerar ƙarshe, ki ce ya rubuta jimla biyar.

Ki haɗa da waya mai tsinke, ba Bluetooth ba. Yawancin lasifikun nan suna yin barci idan shiru ya yi tsawo, sai su haɗiye kalmar farko in sauti ya dawo, kuma jarrabawa cike take da shiru. A cika caji, a ajiye kwafi na biyu a wayar hannu da aka rufe wa layi don kada kira ya shigo. In wani zai turo miki sautin ta WhatsApp, ya turo shi a matsayin fayil, kada ya kunna ya sake ɗauka da saƙon murya.

Ki haɗa komai a fayil ɗaya da manhajar gyaran sauti ta Audacity, kyauta ce: umarni, shiru na daƙiƙa 20 don karanta tambayoyi, sauti, shiru na daƙiƙa 5, maimaici, shiru na daƙiƙa 15 don amsa. Da kin danna sau ɗaya ba mai sake taɓawa, rukunin farko da na biyu sun samu abu iri ɗaya. Sautin kansa gaba ɗaya kada ya wuce minti 8, in an ninka 16, sauran na shiru.

Wurin samo sauti: shafin Cambridge yana da samfurin jarrabawar B1 Preliminary da B2 First da sautinsu kyauta, shafin LearnEnglish na British Council kuma ya jera nasa mataki mataki tare da rubutun abin da aka faɗa. Shirin 6 Minute English na BBC ya dace da B2, ki yanki minti ɗaya da rabi. VOA Learning English yana da kyau wajen koyarwa, amma da gangan ake rage saurinsa kuma kalmominsa kusan 1500 ne, ba zai raba miki B1 da B2 ba. Maganar yau da kullum takan kai kalma 150 a minti ko fiye, kuma wannan saurin ne zai tarye su a aji a Sakkwato ko Kumasi. Kada ki karanta da bakinki. Sun saba da muryarki, kuma malami ba ya iya hana kansa jan kalmar da amsa ke ciki.

Sassa huɗu, tambaya biyar biyar. Na farko gajerun hirarraki na daƙiƙa 20 zuwa 30 a kan lokaci, kuɗi, lambar ɗaki, inda thirteen da thirty ke aiki. Na biyu sanarwa, ta tasha ko ta asibiti, a cike gurbi da kalma ɗaya ko lamba. Na uku hira ta minti biyu inda ake tambayar ra'ayin mai magana, ba abin da ya ambata ba. Na huɗu guntun bayani irin na lacca, kuma tunda ɗalibanki Najeriya da Gana suka nufa, wannan ya zama da muryar ɗan can. Labaran rediyonsu sun isa, ko ki samu mai Ingilishi daga can da ke zaune a gari ya yi magana ta minti ɗaya da rabi a ɗaki mai labule da katifa, ba a fili ba.

Wajen rubuta tambayoyi, su bi jerin sautin, kuma tsakanin amsa da amsa a samu daƙiƙa 15 ko 20, in ba haka ba yana rubuta ta uku ta huɗu ta wuce. Zaɓin ya zama gajere, ya fi abin da ake faɗa sauƙi, don kada jarrabawar ji ta koma ta karatu. Kalmar da aka furta a sauti ki sa ta a amsar tarko, amsar gaskiya ta zo da wasu kalmomi. In an ce "I was going to take the bus, but my brother drove me", mai farautar kalma zai zaɓi bus, mai fahimta ya zaɓi car. Sannan ki ba wani tambayoyin ba tare da sauti ba. Duk wadda ya ci da hankali kawai ki cire ta. Kuma kada a rage maki don kuskuren rubutu a nan, wanda ya rubuta "Wensday" ya ji.

Sau biyu za a kunna, kamar yadda Cambridge ke yi. Jarrabawar IELTS sau ɗaya take kunnawa, tambaya 40, amma su suna da ɗakin da aka tanada don haka. A ɗakinmu tari ɗaya ko jakin da ya yi kuka a waje ya isa ya cinye amsa.

Malamar Kwas, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu. In na raba su rukuni biyu, na farko za su fita su gaya wa na biyu. Kuma har yanzu ban san inda zan ja layi ba, musamman ga wanda ya yi kyau a takarda ya faɗi a sauraro, ko akasin haka.

Tsohon Mushe, Yamai

Kada kowa ya fita, Malama. Rukuni na biyu su zauna a wani ɗaki ko rumfar da sauti ba ya kaiwa, su fara da nahawu, yayin da na farko ke sauraro, sai a yi musanya ba tare da an haɗu a ƙofa ba. Minti 25 da minti 25 ne, sun yi daidai. Wayoyi a kwali ɗaya a gaba. Takardun tambaya a sa musu lamba daga 1 zuwa 70, a ƙirga su kafin kowa ya tashi, domin guda ɗaya ta fita, zango mai zuwa sai kin sake sabuwa.

Layi kuwa, ba wata lamba da ta sauko daga sama. Tunda rabin tambayoyin na B2 ne, mai B1 na ƙwarai zai ci yawancin rabinsa da ɗan abin da canke ya ba shi, ya tsaya wajen rabi ko sama kaɗan. Ki fara da 14 bisa 20 a sauraro, da 20 bisa 30 a nahawu, da 20 bisa 30 a kalmomi. Wanda ya haye duka uku, ajin sama. Wanda ya faɗi duka, ajin ƙasa. Ga masu ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, ni sauraro nake ba hukunci, domin ajin sama da Ingilishi zalla za a koyar da shi. Mai 27 a nahawu da 9 a sauraro ya tafi ƙasa ko ransa ya ɓaci. Waɗanda ke kan layi, maki ɗaya ko biyu sama ko ƙasa, ki kira su hira ta minti uku: me ya yi jiya, me zai yi in ya samu gurbin karatu, me ya sa ya zaɓi wannan fannin. Ki kuma sanar tun farko cewa bayan mako biyu za a iya ɗaga mutum ko a sauke shi.

Bayan gyara, ki gwada jarrabawar ita ma. Ki jera takardun daga mafi yawan maki zuwa mafi ƙaranci a kowane sashe, ki ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, wato takarda 19 da 19 a cikin 70. A kowace tambaya ki ƙirga nawa suka ci a sama, nawa a ƙasa, ki debe, ki raba da 19. In 16 suka ci a sama, 6 a ƙasa, kin samu 0.53, tambaya ce mai kyau. In 12 ne da 11, kin samu 0.05, ba ta raba kowa, a sake ta. Daga 0.3 zuwa sama a riƙe, ƙasa da 0.2 a gyara ko a jefar. In na ƙasa sun fi na sama ci, ki koma kan takardar amsoshinki, sau da yawa nan kuskuren yake, ko kuma amsa biyu ne daidai kuma ƙwararrun sun hango ta biyun. Tambayar da fiye da 8 cikin 10 suka ci, ko ƙasa da 3 cikin 10, ita ma ba ta yi miki aiki sosai, sai dai ki bar biyu masu sauƙi a farkon kowane sashe don hankali ya kwanta. A sauraro ki sa kowa ya rubuta layin da ya zauna a kan takardarsa. In makin layin baya ya faɗi ƙasa da na gaba a fili, ɗakin ne, ba su ba.

Kuma kada ki rubuta wa kowa takardar shaida mai ɗauke da B2 a kan wannan jarrabawa. Ta raba aji ce. Mai neman shaidar da za a karɓa a waje sai ya zauna IELTS ko TOEFL ko ta Cambridge, kuma a IELTS B2 yana kamawa ne daga 5.5 zuwa 6.5.

Uwar Aji, Yamai

Malam, a gafarce ni, a nan ban bi ka duka ba. Mai takarda marar kunne ya tafi ƙasa, na yarda. Amma ɗan kasuwa mai 17 a sauraro da 11 a nahawu, in aka jefa shi ajin da ake rubuta wasiƙar neman gurbi da taƙaita lacca, mako uku zai daina zuwa. Shi ya sa rubutun nan na kalma 100 ba ado ba ne, shi ne alƙalin irin wannan.

Ƙanwata, ki ba su aiki ɗaya takamaimai mai buƙatu uku, misali saƙo ga aboki a Kano: ka gaya masa ranar da za ka iso, ka bayyana abin da ya hana ka zuwa watan jiya, ka roƙe shi ya nema maka ɗaki. Wannan yana tilasta lokaci mai zuwa, wanda ya wuce, da roƙo cikin ladabi. Ki gyara bisa 12, maki uku uku a abu huɗu: ya taɓa buƙatun uku, jimlolin sun haɗu da because da so da although ko kuwa a warwatse suke, lokutan aikatau sun zauna daidai, kalmomin sun isa ko yana cusa Faransanci. Ba sai kin gyara 70 da wannan tsanani ba, na masu rabin ƙafa kawai, kuma malamai biyu su duba kowace takarda ba tare da ɗaya ya ga makin ɗaya ba. In sun saɓa da fiye da maki biyu, su zauna su karanta tare. Mai kunne da ya kai 8 bisa 12 a rubutun ya hau sama da ƙarin aikin gida na nahawu. Wanda bai kai ba ya fara a ƙasa, a sake duba shi a mako na biyu tare da sauran.